Sharhi kan net da satin ɗin da ake ɗinka wa yara rigar gimbiya

Rigar da wannan sharhi ya shafa ta 'yar shekara 5 ce, doguwa mai buɗaɗɗen siket, irin wadda iyaye mata ke nema idan Sallah ta matso ko makaranta ta sa ranar yaye ɗalibai. An ɗinka ta a gida da keken ƙafa, an sa ta sau huɗu, an wanke ta sau uku. Kayan duka na kasuwa ne, waɗanda ake samu a layin 'yan yadi na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko a Kasuwar Barci, duka a Kaduna: net mai laushi, net mai tauri, satin, farin yadin auduga na shafi, da zif. Hukuncina a taƙaice shi ne net mai laushi ya cancanci kuɗinsa, satin ya yi rabi da rabi, shi kuwa net mai tauri bai kamata ya taɓa fatar yarinya ba ko kaɗan.

Awon da aka yi aiki da shi: ƙirji inci 23, ƙugu 22, kafaɗa zuwa ƙugu 10, ƙugu zuwa idon sawu 24. An ƙara inci 2 a ƙirji da ƙugu don ta sake, sai ƙugun rigar ya zama 24. Net ɗin da aka saya faɗinsa inci 60 ne, kuma wannan ya sauƙaƙa lissafi, domin idan aka yanko tsawon inci 22 daga baki zuwa baki an samu falle ɗaya da zai tattaru ninki biyu da rabi a ƙugu. Falle huɗu sun ci inci 88, wato yadi 3 ya isa har da ragowar da za a yi hannu. Satin yadi ɗaya da rabi ya fitar da jikin riga, siket na ƙarƙashi da ɗamara. Yadin shafi ma ɗaya da rabi. A auna faɗin yadi a gaban mai shago kafin ya sa almakashi, saboda ba kowane net ne ke cika 60 ba, kuma idan ya gaza lissafin tattarar gaba ɗaya zai canza.

Net mai laushi shi ne ya fi komai kyau a cikin kayan. Bakinsa ba ya warwarewa, don haka babu kalmasa, a yanke shi a miƙe kawai an gama. Wahalarsa a wurin yanka take, yana zamewa kuma alli ba ya kama shi. Abin da ya yi aiki shi ne a ninka shi gida huɗu, a danne da abu mai nauyi a kan tebur, a yanka duk ninkin a tashi ɗaya. A keke kuma haƙoran ƙasa suna jan shi cikin ramin allura a farkon ɗinki. Maganinsa a sa 'yar siririyar takarda a ƙarƙashi, a ɗinka tare, a yage ta daga baya, sannan a riƙe wutsiyar zaren sama da na ƙasa da hannu har a yi taku uku ko huɗu. Allura mai lamba 11 ta fi dacewa. Mai lamba 16 da ake barin ta a keke tun ɗinkin shadda tana tsallake taku a net, a satin kuma tana jan zare ta bar layi.

Tattara ce ke nuna gwanin tela a wannan riga, kuma a nan yawancin masu koyo ke ɓata ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa falle huɗun a tattara su lokaci ɗaya da layin zare guda. Zaren yana tsinkewa a tsakiya, ko kuma tattarar ta taru a gefe ɗaya, ɗayan ya zauna fayau. A yi falle bibbiyu. A kai takun keke mafi tsawo, a ɗan sassauta zaren sama, a yi layi biyu, ɗaya inci kwata daga baki, ɗaya rabin inci. Zaren ƙasa ake ja, ba na sama ba, kuma daga ɓangarori biyu zuwa tsakiya. Kafin a fara ja a raba bakin net gida huɗu a sa alama da fil, a raba ƙugun riga ma gida huɗu, a haɗa alama da alama. Wannan 'yar dabara ita ke hana siket karkacewa. Ɗinkin haɗawa yana bi ta tsakanin layukan biyu, a nan ne za a koma allura mai lamba 14 tunda kaurin ya ƙaru, sannan a zare layin da ya fito fili.

Net mai tauri an saye shi ne don ya ɗaga siket, kuma ya ɗaga, babu musu. Sai dai yankakken bakinsa yana karta kamar ƙaiƙayi. Inda aka haɗa shi da ƙugu ya bar jan layi a fatar yarinya cikin ƙasa da awa ɗaya, duk da akwai shafi, domin bakin ɗinkin yana sukowa ta cikin yadin. Dole aka farke, aka cire shi daga ƙugu, aka mayar da shi ƙasa: an yanko shi tsawon inci 10, an tattara, an ɗinka a bayan shafin siket daga wajen gwiwa zuwa ƙasa, ta yadda yana tsakanin auduga da satin. A haka ya ba da buɗewar da ake so ba tare da ya taɓa jiki ba. Wadda ba ta son wannan ƙarin aiki ta bar shi gaba ɗaya, ta ƙara falle ɗaya na mai laushi, bambancin a ido kaɗan ne. Net mai ƙyalƙyali kuwa, wanda yara suka fi nunawa a shago, ban ba da shawararsa ba. Ƙyalƙyalin manna shi aka yi, yana zuba a gado, a abinci, yana shiga ido, kuma bayan wanki biyu wurare sun yi sanƙo.

Satin ɗin polista ne, yana sheƙi a hoto, ba ya yamutsewa sosai. Aibinsa biyu. Na farko bakinsa yana warwarewa tun ana riƙe da shi, kuma keken ƙafa irin su Butterfly miƙaƙƙen ɗinki kaɗai suke yi. Idan ba za a kai wa mai injin kama baki ba, sai a yi ɗinki mai rufi: a fara haɗa yadin bayansa da bayansa, a rage bakin, a juya, a sake ɗinkawa yadda ɗanyen bakin zai shige ciki. Gefen da aka bari da ɗinki ɗaya ya fara buɗewa a wanki na biyu, daidai ƙasan hammata. Na biyu shi ne zafi. Iska ba ta ratsa shi, kuma duk wanda ya san ranar Kaduna a watan Maris da Afrilu ya san abin da hakan ke nufi ga yarinyar da ke guje-guje. Shi ya sa shafin jikin riga ya zama auduga, ba wannan shafin mai santsi da ake yawan miƙo wa mutum ba. A hunturu kuma satin da net suna manne wa ƙafa saboda bushewar iska, audugar ce ke rage hakan. A jiƙa audugar ta bushe kafin a yanka, in ba haka ba za ta tsuke a wankin farko ta jawo satin ya yi tudu.

Wani abu da ake mantawa: man keke. Ɗigo ɗaya a satin mai haske ba ya fita da sauƙi, don haka a fara bi da tsumma har zaren ya fito tas.

Zif mai inci 14 aka sa a baya, wato ya wuce ƙugu da inci 4. Idan ya tsaya a ƙugu rigar ba za ta shiga ta kafaɗa ba sai da kokawa, kuma a nan ɗinkin tattara ke tsinkewa. Kada net ya shiga cikin ɗinkin zif, a tsaga shi a bar shi sake a gefe, domin haƙoran zif suna cin sa. Hannun an yi shi mai kumbura, satin a ciki net a sama, da siririyar roba a baki wadda ta fi damtse da inci ɗaya. Ɗamarar inci 5 ce a faɗi kafin a ninka, an kama ta a gefe da gefe don kada ta ɓata a gidan biki. Duwatsu da ƙananan lu'ulu'u gara a ɗinka su da allurar hannu, na gam suna faɗuwa, kuma idan akwai ƙaramin da bai kai shekara 3 ba a gidan, bakinsa za su nufa.

Tsawon siket ya tsaya inci 2 sama da idon sawu da gangan. Wanda ya kai ƙasa yana kwasar jar ƙasa, yarinya tana taka shi a matakala, a bayan babur kuma yana iya shiga taya. Net ɗin nan roba ce, yana narkewa ya manne a fata idan ya gamu da wuta, don haka a nisanta mai rigar da kaskon turaren wuta, murhun gawayi da kyandir.

Wajen wanki, ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a hannu, ba dirza ba matsewa, a shanya a inuwa a kan abin rataye kaya. Bayan wanki uku net mai laushi bai canza ba, satin ya ɗan rage sheƙi a inda ɗamara ke gogarsa. Dutsen guga kada ya taɓa net kai tsaye, na gawayi ma kada a kusanto da shi, huda shi yake yi nan take. Satin a goge shi ta baya da wuta mafi ƙanƙanta, da farin ƙyalle a tsakani. Net idan ya yamutse a yayyafa masa ruwa a rataye shi tun daren jajibere, kafin safiya ya sauka da kansa.