Laftof ɗin malamin makaranta: abin da ya kamata a duba kafin a miƙa kuɗi

Kusan duk farkon zango sai an samu abokin aiki ya tare ni a ofishin malamai da tambaya ɗaya, wai Malam wace kwamfuta zan saya? Yawanci ma ya riga ya zo da hoton wata a waya, siririya mai sheƙi, so yake kawai in ce masa eh. Ni kuma sai in tambaye shi me zai yi da ita. Don aikinmu ai sananne ne: rubuta shirin darasi, buga tambayoyin jarrabawa, tattara makin yara, haska hoto ko bidiyo ta majigi, wani lokacin taro ta Zoom, da daddare kuma ka yi naka karatun ko ka ɗan kalli abin da zai ɗebe maka gajiya. Ba ko ɗaya a nan da yake buƙatar irin injin da 'yan gem ko masu haɗa fim suke saya, toh kuma ba irin aikin da mafi arahar kwamfuta za ta ɗauka ba ne ba tare da ta sa ka tsaki a gaban ɗalibai ba.

RAM nake fara dubawa. Shi kamar teburinka ne, in ƙarami ne dole sai ka sauke wani littafi kafin ka buɗe wani. Microsoft sun ce Windows 11 na tashi da 4GB, gaskiya ne tana tashi, amma buɗe Chrome da shafuka goma ga Word ga PDF na manhajar karatu, za ka ga linzami ya koma zagaye yana ta juyi. 8GB shi ne mafi ƙaranci, in da hali 16GB, kuma ka tambaya ko ana iya ƙarawa daga baya don da yawa cikin siraran nan an like RAM ɗin a jikin allon injin ne, yadda ka saya haka za ku rabu. Na biyu ma'ajiya, inda fayiloli ke zama: SSD, ba tsohon hard disk mai juyawa ba. Bambancin a bayyane yake, mai SSD kafin ka gama goge allo ta tashi, ɗayar kuwa sai ka gama kiran suna tana nan tana nishi. 256GB ya wadatar in ba tara bidiyo kake ba. Akwai wata kuma da ake rubuta wa eMMC 64GB, wannan kam Windows kaɗai da sabunta kanta za su cinye fiye da rabi, ka bar ta inda ka gan ta.

Inda aka fi yi wa malamai wayo shi ne batun i5 da i7, wato sunayen furosesar Intel, wadda ita ce ke sarrafa duk aikin kwamfutar. Mai sayarwa zai buga ƙirji ya ce i7 ce fa Malam, kai kuma ka ji bakwai ya fi biyar. Ba nan take ba, zamanin furosesar za ka duba, kuma yana cikin lambar da ke biye. i5-8250U zamani na 8 ne, i5-1135G7 zamani na 11, i7-6500U kuwa zamani na 6 ne duk da sunan nan mai daɗin ji, kuma wancan i5 na 8 ya fi shi ƙarfi don ƙwaƙwalwa huɗu gare shi, shi biyu. Abin ya ƙara muhimmanci ma yanzu, don tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft suka daina tallafa wa Windows 10 yadda aka saba, ita kuma Windows 11 a hukumance tana son TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin injin, da furosesar Intel daga zamani na 8 zuwa sama, ko Ryzen na kamfanin AMD, wanda a laftof daga jerin 3000 ne. Ana iya tura ta da dabara a kan tsofaffin, na sani, amma kwamfutar da sakamakon jarrabawar yaran mutane ke ciki ba wurin gwaje-gwaje ba ne.

Sabuwa ko ta hannu? Ni dai ra'ayina, ta hannu irin wadda aka ƙera don ma'aikatan ofis, wato su ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, EliteBook na HP, ta fi sabuwa mai araha ƙarko nesa ba kusa ba. Kibod ɗinsu na da daɗin bugu, kuma malami ai rabin rayuwarsa bugu ne, maƙalar murfin tana jure buɗewa da rufewa daga aji zuwa aji, ga kayan gyaransu ba wuyar samu. Amma kar kunya ta sa ka karɓa ba gwaji. Buɗe Notepad ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Sa filasha a kowace ƙofa. Ɗaga murfin da hannu ɗaya ka saurara ko akwai ƙara. Shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Sannan batir, wanda shi ne ake yawan ɓoyewa: buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma abin da yake iya riƙewa yanzu, in na biyun ya kusa rabin na farko toh ka san kuɗin sabon batir na jiranka, sai a yi ciniki a kan haka.

Ƙofofi kuma, wallahi wannan ne abin da ba wanda ke tunawa sai ranar da ya tsaya gaban aji da wayar majigi a hannu yana juya laftof yana neman inda zai soka. Kafin ka saya je ka leƙa bayan majigin makarantarku. In HDMI ne ka huta. In tsohon ne mai shuɗin kai da 'yan kusoshi biyu, VGA kenan, sababbin laftof sun daina zuwa da shi, sai da adafta, kuma VGA hoto kaɗai yake ɗauka ban da sauti, bidiyo zai yi ta motsi shiru sai ka haɗa sifika daban. Ka kuma nemi mai ƙofar USB irin ta da ko guda biyu, saboda filashar abokan aiki da wayar firinta.

Yanzu su waye ke takarar. Windows ita ce ba ta ba da mamaki, duk fayil ɗin da aka turo daga ofishin shugaban makaranta zai buɗe, duk tsohuwar firinta za ta yarda da ita. MacBook Air, tun da Apple suka koma furosesarsu ta M1 a 2020, batirinta kan kai mutum tashi daga makaranta ba caji, ba ta da fanka balle ƙara, sai dai ba HDMI ba USB irin ta da, rayuwarka da adafta kenan, RAM ba ya ƙaruwa, gyara da tsada, kuma in makarantarku na da manhajar haɗa sakamako da aka yi don Windows kaɗai ka shiga uku. Chromebook, laftof mai tsarin Google, mai sauƙin kai ce, saurin tashi, ba ruwanta da yawancin bairos ɗin da ke yawo a filasha, Google ma sun ce waɗanda suka fito daga 2021 za su samu sabuntawa ta shekara 10. Tana iya wasu ayyuka ba intanet, amma ƙarfinta a intanet yake, kuma ba a sa mata cikakken Office. Ga ɗalibai ta yi, ga malamin da ita kaɗai ce kwamfutarsa ban cika ba da shawara ba. Linux Mint kuwa, tsarin da ake ɗorawa a madadin Windows, ita ke farfaɗo da waccan tsohuwar da Windows 11 ta ƙi, kyauta, ga mai haƙurin koyo.

Batun manhajar rubutu nan ma akwai magana. Microsoft 365 biya ake duk wata ko duk shekara, Office 2024 sau ɗaya ake saya, kuma kafin ka biya komai ka tambaya ko makarantarku na da rajista da su, don akwai tsarin da ke bai wa malamai da ɗalibai Word da Excel na intanet kyauta da imel ɗin makaranta. LibreOffice kyauta ce gaba ɗaya, ba ta neman data, tana buɗe fayilolin Word da Excel, matsalarta kawai wani lokacin tebur ko lissafi ya ɗan goce in an buɗe a ɗayan. Maganin wannan mai sauƙi ne, duk takardar jarrabawar da za ta je bugu ka mayar da ita PDF, yadda ka tsara haka za ta fito, tambaya ta biyar ba za ta tsallaka shafi ta bar zaɓinta a baya ba. Google Docs ya fi kowa daɗi in ku uku ne kuke haɗa tambayoyi tare. Office ɗin sata da ake ɗora wa mutane kyauta kuwa a guje shi, ba ka san me aka cusa a ciki ba.

Manhajojin aji kuwa ba sai ka kashe ko sisi ba. GeoGebra ga malamin lissafi, PhET na Jami'ar Colorado Boulder ga na kimiyya, inda yara za su haɗa batir da kwan fitila a kan allo su ga yadda lantarki ke zagayawa, ana kuma iya sauke su a ajiye. Kiwix na sauke Wikipedia a karanta ba intanet. VLC na buɗe kusan kowane bidiyo.

Tunda laftof ɗin ita ce ta aji ita ce ta gida, buɗe akawun biyu a kanta, ɗaya na makaranta ɗaya naka. Malaman da suka taɓa ganin saƙon gida ya faɗo ƙato a bango gaban yara arba'in sun san dalili. In ka haɗa majigi danna maɓallin Windows da P ka zaɓi Extend, su ga darasi kai ka ga bayananka. Makin ɗalibai kuma kar ya zauna wuri ɗaya, Google Drive na ba da 15GB kyauta, OneDrive 5GB, ka ƙara da filasha guda da ba ta shiga kwamfutar kowa.

In da ni zan saya gobe, laftof irin ta ofis zan ɗauka mai inci 14, i5 zamani na 11 ko Ryzen 5 makamancinsa, RAM 16GB, SSD, da ƙofar HDMI a jiki. Canjin da ya rage ya tafi kan adaftar VGA, ƙaramar sifika, da jaka mai soso sosai.