Silaid ɗin tayin kaza: aiki ya yi kyau, amma sun tsaya inda labari ya fara daɗi

Wata biyu kenan ina amfani da wannan saitin, silaid biyar ne na dubawa a maikiroskof a akwatin, tayin kaza mai awa 24, 33, 48, 72 da 96 da fara girma a cikin ƙwai, da ɗan littafin bayani. Gaskiya rinin ya fito fes, ba kumfa ba datti, ko da ƙaramin maikiroskof na ɗalibai komai za ka gani sarai.

Na awa 72 da na 96 su suka fi riƙe ni. A nan ne za ka ga wasu 'yan tudu sun kunno kai a gefen tayin, na gaba fiffike zai zama, na baya ƙafa, kuma in ka natsu a kan na 96 ɗin za ka hango wani ɗan kauri a bakin tudun kamar leɓe, shi ne wanda masanin kimiyya John Saunders ya yanke a 1948 sai fiffiken ya fito guntu, in da wuri aka cire ma abin da ake rasawa ya fi yawa. Daga wannan leɓen ne sinadarin FGF8 ke fitowa yana ingiza gaɓar ta ci gaba da tsawo. Wallahi na fi awa ɗaya a kan wannan silaid ɗin kaɗai. Littafin ma ya yi ƙoƙari wajen sinadarin Sonic hedgehog, wanda aka gano a 1993 shi ke tsara jerin yatsu daga gefen baya na tudun.

To amma ga inda raina ya ɓaci. Ƙwayoyin gado umarni suke bayarwa, ai sai ƙwayoyin halitta sun taru sun manne wa juna sun dunƙule tukuna guringuntsi ya samu, daga shi kuma ƙashi. Sinadarin N-cadherin na cikin masu wannan aikin mannewa, an gwada toshe shi a gaɓar kaza sai guringuntsin ya ƙi haɗuwa yadda ya kamata. Littafin ko layi ɗaya bai ba shi ba, haba! Silaid ɗin kuma sun ƙare daidai lokacin da dunƙulewar ke shirin bayyana.

Malami ko ɗalibi, ku saya, ba za ku yi nadama ba. Ni dai yanzu neman yankakken fiffike na kwana 5 da 6 nake yi daban, don in ga dunƙulen nan da idona.