Atlas Studios a Warzazat: Fadar Fir'auna ta Katako da Filasta

Idan ka je Maroko kuma kana son fim, kada ka tsaya a Marrakesh kawai. Ka hau mota ka tsallake tsaunukan Atlas ta mashigar Tizi n'Tichka, tafiyar kusan awa huɗu ce mai lanƙwasa, sai ka sauka Warzazat. Atlas Studios, wurin ɗaukar fina-finai, yana bakin garin, an buɗe shi a 1983.

A ƙofa manyan gumakan Masar ne ke tarbarka. Ciki akwai ginshiƙai dogaye masu zanen rubutun Fir'auna, har ka ɗauka dutse ne. Na ƙwanƙwasa ɗaya da hannu, sai na ji ƙarar kwali. Ka zagaya baya, ga katako da ƙusa suna riƙe da fadar duka! Wannan ne ya fi burge ni, don nan ne ka gane yadda kyamara ke yaudarar ido. Akwai kuma haikalin Tibet da aka gina don fim ɗin Kundun, da tsohon jirgin saman yaƙi a fili. An ɗauki wasu sassan fim ɗin Gladiator a yankin.

Mai yi mana jagora ya iya labari, yana haɗa Larabci da Faransanci da Turanci. 'Yan Kannywood ya kamata su zo su gani.

Ku zo da safe, da hula da ruwa, rana a nan ba ta wasa. In lokaci ya rage, ku wuce tsohon ƙauyen Ait Benhaddou, kilomita 30 ne, gidajensa na ƙasa ne na gaske.