Kofte na Turkiyya: gashin gawayi ko na Izmir mai romon tumatir?

Wata 'yar uwa a zauren nan ta ce tana da rabin kilo na niƙaƙƙen nama, tana son gwada curarren naman nan na Turkawa da ake kira kofte. Sai ta ga wasu suna gasa shi a kan wuta, wasu kuma suna jera shi a tire tare da dankali su tura obin. Tambayarta ita ce wanne ne na ainihi, kuma da wanne ya kamata ta fara.

'Yar uwa, duka biyun na ainihi ne. Sunan kansa daga Farisanci ya zo, ma'anarsa abin da aka daka, kuma garuruwa da dama a Turkiyya kowanne da nasa: Inegol da ke lardin Bursa, Tekirdag, Akcaabat da ke kusa da Trabzon, ga kuma Izmir. Wanda kika gani a kan wuta shi ne gasasshen kofte, na cikin tire kuma na Izmir ne. Kwaɓinsu kusan ɗaya ne, amma abin da kowanne yake nema a wurin mai girki ya bambanta sosai.

Ga kwaɓin da ya haɗa su, a rabin kilo: albasa ɗaya a goge ta, a matse ruwanta, busasshen burodi yanka biyu, a jiƙa a matse, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, kumin ƙaramin cokali ɗaya, masoro rabin cokali, tafarnuwa biyu, ɗan ganyen fasli. Kada ki ɗauko yajin tsire, kada ki cika kori da citta. Ƙamshin kumin da na naman kansa su ne kofte, in sun ɓuya kin yi wani abincin daban.

Gasasshen ba ya yafiya. Babu romon da zai rufa masa asiri, don haka komai ya rataya a kan naman. Yana son kitse, kamar kashi 20 cikin 100. In kin je wurin mahauci ki ce ya haɗa miki da naman haƙarƙari ko ya ƙara ɗan kitsen rago kafin a niƙa. Mun saba cewa a ba mu tsoka zalla, to a nan tsoka zalla ita ke ɓata aiki. Ranar da na fara yi, tsoka zalla na saya, ban kuma matse albasar ba. Ina ɗora su a kan raga suka fara tsagewa, uku suka zube cikin garwashi, waɗanda suka tsira kuma suka bushe har yara suka kasa tauna su. Na ji zafin asarar naman nan ƙwarai, shi ya sa nake nanata miki.

Bayan kitse sai murza. Ki sa hannu ki yi ta murza kwaɓin kamar minti 10, har ki ji ya fara danƙo yana kama tafin hannunki, in kin ɗaga dunƙulen ba ya rabuwa. Wannan danƙon shi ke riƙe shi a kan wuta, ba ƙwai ba. Sai ki rufe ki sa a firij aƙalla awa biyu. Mutanen Inegol sun fi kowa tsanani a nan: nasu kusan ba shi da kayan ƙamshi, suna zuba ɗan bekin soda su bar naman ya kwana a sanyi, sai washegari su ƙara albasa. Shi ya sa yake fitowa da laushi, yana ɗan tasowa. Amma in wutar unguwarku ba ta tsayawa, don Allah kada ki bar niƙaƙƙen nama ya kwana, ya fi yankakke saurin lalacewa. Ki kwaɓa da safe ki gasa da rana.

Ki cura su ƙanana, ki ɗan danne su da jiƙaƙƙen hannu, kaurin yatsa. Ki jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farin toka a sama. Minti uku zuwa huɗu kowane gefe, kuma kada ki taɓa su sai sun saki ragar da kansu. Ki fasa ɗaya ki duba, kada a ga ja a ciki.

Na Izmir kuwa mai haƙuri ne. Naman da kitsensa bai kai ba ma yana yi, domin a cikin romo zai ƙarasa nuna. A nan za ki iya fasa ƙwai ɗaya a kwaɓin, hutun rabin awa ya isa. Ki cura su dogaye kamar babban yatsa, ki soya sama-sama su ɗan yi ja. Dankalin turawa huɗu, a yanka a tsaye, shi ma a soya sama-sama. Ki jera a tire, kofte ɗaya dankali ɗaya, ki ɗora yankakken tumatir da koren tattasai. Ki dama tumatirin gwangwani babban cokali ɗaya da ruwan zafi kofi ɗaya da rabi, da gishiri da ɗan mai, ki zuba ya kai rabin tsayinsu. Obin a zafin digiri 190 na Celsius, minti 30 zuwa 35. Babu obin? Tukunya mai faɗi da murfi, wuta ƙasa-ƙasa, kada ki juya da ludayi, ki dai riƙa girgiza tukunyar.

Ta wajen auki ma ba ɗaya ba ne. Rabin kilon nan in kin gasa, mutum uku sun tashi da shi. In kin yi na Izmir, ga dankali ga romo ga farar shinkafa, mutum biyar za su ƙoshi, kuma washegari in an ɗumama ya fi daɗi. Gasasshen da ya huce kitsensa ya daskare, armashinsa ya tafi.

Don haka ni shawarata ki fara da na Izmir. A nan hannunki zai koyi danƙon kwaɓin ba tare da kin yi asarar nama ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, zuciyata tana wajen gasasshen: kitse na ɗiga a garwashi, hayaƙi na komawa cikin naman, wannan ɗanɗanon babu romon da ke bayar da shi. Ranar da za ki yi shi, ki gasa koren barkono a gefen ragar, ki haɗa abin da Turkawa ke kira piyaz, wato dafaffen farin wake da albasa da fasli da man zaitun da ɗan ruwan khal ko lemun tsami. Abin sha kuma ayran, kindirmo ne da aka kaɗa da ruwan sanyi da ɗan gishiri, ba a sa masa sukari.