Maganin ƙarin jini na kwalba ko folik asid: wanne ya dace da mai farfashewar jini?

Wata 'yar uwa a zauren nan ta ce likita ya tabbatar mata garkuwar jikinta ce ke farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, ya ɗora ta a kan prednisolone, maganin da ke danne garkuwar jiki, da folik asid. A gida kuma an matsa mata da maganin ƙarin jini na kwalba da malt da madara. Wanne za ta bi?

Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Ki riƙe na likita, ga dalili.

Maganin kwalba galibinsa sinadarin ayon ne, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, kuma amfaninsa ga wanda ayon ɗinsa ya ƙare, kamar mai jego da ta zubar da jini. Ke ba haka ba ne. Ƙwayar jini mai lafiya takan yi kusan kwana 120, taki kuwa tana mutuwa da wuri, amma ayon ɗin da ke cikinta galibi ba ya ɓacewa, jiki yana sake amfani da shi. Idan an taɓa yi miki ƙarin jini, kowace leda ta shigo da kusan miligiram 200 zuwa 250, alhali abin da jiki ke fitarwa a rana bai wuce 1 zuwa 2 ba. Rarar tana taruwa a hanta da zuciya. Kada ki sha sai gwajin feritin, mai auna ajiyar ayon a jiki, ya nuna kina da ƙaranci, wanda kan faru idan jinin al'ada ya yi yawa.

Folik asid shi ne abin da ɓargo ke cinyewa da sauri wajen maye gurbin ƙwayoyin da suka fashe, ajiyarsa a jiki kuma 'yan watanni ce. Ki sha ƙwayar kullum, abinci ya zama ƙari: zogale, alayyafo, wake, gyaɗa, kuɓewa, lemon zaƙi, duk ga su a kasuwannin 'Yankaba da Rimi na Kano. Inda ake kuskure shi ne dahuwa. Alayyafon da aka tafasa har ya yi baƙi aka tsiyaye ruwansa ya yi asarar folik mai yawa. Ki zuba shi a ƙarshen miya, minti 3 zuwa 5, ki sauke yana kore shar.

Haɗin malt da madara kuwa sukari ya yi masa yawa, prednisolone kuma dama yana ɗaga sukari da hawan jini, yana buɗe ciki, yana rage ƙarfin ƙashi. Ki rage gishiri da dunƙulen miya, zoɓo ba sukari. Don ƙashi, kindirmo da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu. Tunda maganin yana raunana garkuwa, nonon da ba a tafasa ba da latas ɗin bakin titi ki haƙura da su.

Ki tambayi likita ko naki irin mai tashi da sanyi ne. In shi ne, ruwan ƙanƙara ya fita daga abincinki, da hunturu kuma safa da safar hannu.

Idan ido ya ƙara yin rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ko kina haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, kada a tsaya jiƙon shawara. Ki koma wajen likitan jini a ranar, kuma kada ki yanke prednisolone da kanki.