Kare ko karya, wanne za ka ɗauko?

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tayin 'yan kwikwiyo biyu haihuwa ɗaya, namiji da mace, kana son wanda zai yi gadi ya kuma saba da yara, ga katangar gidanka gajera. Wannan katangar ita ce rabin amsar.

Wajen gadi dai kunnen doki ne. Namiji ya fi girman jiki da kaurin murya, amma karya ma ba a barinta a baya wajen haushi, kuma ɓarawo ba ya tsayawa duba jinsi. Sabo da yara kuwa tarbiyya ce da halin iyaye, don haka ka je ka ga uwarsu. In mai cizo ce, bar su duka.

Inda suka rabu shi ne barbara. Namiji ba shi da takamaiman lokaci. Da ya kai wata 6 zuwa shekara, duk ranar da ya jiyo warin karya a unguwa zai haura katanga, ya yi kwana biyu ba a gan shi ba, ya dawo da yagaggen kunne. A wannan yawon ne ake kwaso kaska, da wani ƙari mai zubar jini da ke fitowa a al'aura wanda ake ɗauka wajen barbara, da uwa uba haukan kare. Ga ɗaga ƙafa yana fitsari a tayar mota da gindin randa.

Ita karya mai zaman gida ce, sai dai kusan sau biyu a shekara takan shiga neman namiji, na mako 2 zuwa 3. Za ka ga ɗigon jini, sannan duk karnukan unguwa su yi sansani a ƙofarka, barci ya gagara. In aka yi sake ta ɗauki ciki, bayan kwana 63 ko kusa da haka sai ka wayi gari da 'ya'ya biyar ko shida. Wa za ka ba? Na taɓa yin wata guda ina roƙon mutane su karɓa, kamar mai tallar abin da ya yi kwantai.

Duka biyun akwai magani a wurin likitan dabbobi. Fiɗiyar namiji ƙaramin aiki ne mai sauƙin kuɗi, tana rage yawo, amma wanda ya riga ya saba da tsallake ba lallai ya daina ba. Cire mahaifar karya ya fi tsada tunda sai an buɗe ciki, sai dai an gama da batun ke nan: ba jini, ba taron karnuka, ba ciwon nan da mahaifa ke cika da mugunya, kuma in an yi da wuri haɗarin kansar nono yana raguwa sosai.

Da ni ne da katangarka, macen zan ɗauka in kai ta a yi mata aikin. In ka san ba za ka biya kuɗin aiki ba, ɗauki namijin, amma ka fara ƙara bulo.

Ko wanne ne, bar shi wurin uwa sai ya cika mako 8. A wata 3 a yi masa allurar rigakafin hauka, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato tana haɗa irin wannan allurar, ka tambaya a asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa da kai.