Ofishin tikitin jirgi da ya ƙirga mini awoyi tsakani da Allah

A watan da ya gabata na je wani ƙaramin ofishin sayar da tikitin jirgin sama da ke kusa da Kasuwar Dole a Damagaram (Zinder), domin in shirya wa mahaifiyata tafiya Umara. Tambayar da na shiga da ita ɗaya ce, wato awa nawa za ta yi a hanya daga Damagaram zuwa Jidda, saboda ciwon gwiwa ba ya barinta ta daɗe a zaune.

Ma'aikacin da na tarar, wani dattijo mai tabarau, bai yi gaggawar ba ni amsa ba. Sai da ya juya bayan wata takarda ya ja layi biyu, sannan ya ce, "Malam, awoyin da jirgi ke yi a sama daban, awoyin da Hajiya za ta yi a tafiya daban." Daga nan ya shiga lissafi. Tsakanin filin jirgin Zinder da na Diori Hamani a Yamai akwai kimanin kilomita 740 a miƙe, kuma jirgi mai farfela yana cinye su cikin ƙasa da awa 2, alhali motar haya da ke bin kwalta ta Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso tana fama da kusan kilomita 900, ta tashi da asuba ta isa da dare. Sai dai ya gargaɗe ni cewa jirgin cikin gida ba kullum yake tashi ba, kuma idan hazon hunturu ya rufe gari ana iya ɗage tashi, don haka ya ba da shawarar Hajiya ta kwana a Yamai kafin babban jirgin.

Inda ya fi burge ni shi ne batun agogo. Daga Yamai zuwa Jidda kimanin kilomita 4,000 ne, kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti na garin da aka sauka ne, ga shi Saudiyya tana gabanmu da awa 2. Da ban ji wannan ba, da na ƙara wa tafiyar awoyin da babu su. Ya kuma nuna mini da biro cewa tikitin da ya fi arha, mai ratsawa ta Adis Ababa ko Istanbul, yana ɗauke da zaman jira wanda kan iya fin tashin kansa tsawo, abin da tsohuwa mai sanda ba za ta ji daɗinsa ba. Ya ambaci hanyar Kano, mai nisan kilomita 240 ko kusa da haka daga Zinder, amma bai tsaya a kanta ba.

Ofishin yana da nasa aibin. Kujeru biyu ne kacal na baƙi, fankar kuma ƙara take yi fiye da iska. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, da aka sauya lokacin tashi daga Zinder, babu wanda ya kira ni duk da sun karɓi lambata, sai da na leƙa da kaina ana jajibirin tafiya na ji. Da na yi ƙorafi dattijon ya ba ni haƙuri, ya rubuta sabon lokacin a kan waccan takardar, wadda Hajiya ta ninke ta saka cikin fasfo ɗinta.